Kafin a ce a tura soja: lissafin da Laberiya da Ruwanda suka bar wa Gana

Duk lokacin da hotunan Sudan suka zagaya wayoyin mutane a Nima da Mamobi, gardama iri ɗaya ce ke tashi wajen masu shan ataya. Wani zai ce, "Ku dubi abin da ake yi wa bayin Allah. Ina amfanin sojojin Afirka in ba za su shiga su tsayar da wannan ba? Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ai gobe namu ne." Na kusa da shi ya amsa, "Malam, wannan shiga sharo ba shanu ne. Mu da Bawku ta gagare mu, ina mu ina Darfur?" Daga nan murya ta hau murya har a kira isha'i, kowa ya tashi da ra'ayin da ya zo da shi.

Abin da ke damuna shi ne ana wannan gardama kamar Gana ba ta taɓa gwadawa ba. Tun 1960 sojanmu ke shiga yaƙin basasar wasu, kuma an san inda abin ya yi kyau da inda ya lalace. A ganina akwai ranar da tura soja ke zama wajibi. Sai dai abin da ke yanke ko tafiyar za ta ceci rai ko ta ƙara gawa abubuwa ne da ba kasafai ake jin su a bakin masu gardama ba: wane umarni kwamanda ke riƙe da shi, mutum nawa aka ba shi, wa zai biya kuɗin wata na huɗu, kuma wa za a miƙa wa ƙasar ranar dawowa.

A fara da Laberiya, don ita ce makarantarmu. Ranar 24 ga Disamba 1989 Charles Taylor ya ƙetaro daga Kwaddibuwa zuwa gundumar Nimba da mayaƙa kaɗan. Kafin daminar 1990 ta yi nisa ya riƙe kusan duk ƙasar, shugaban ƙasa Samuel Doe ya maƙale a fadarsa a Monrobiya, Prince Johnson kuma ya ɓalle da nasa mutanen yana riƙe da wani sashe na birnin. Ranar 29 ga Yuli sojojin Doe suka shiga cocin Lutheran na St. Peter suka kashe kimanin mutum 600 da suka fake a ciki. Amurka ta kawo jiragen ruwa ta kwashe nata, ta tsaya nan. Ranar 7 ga Agusta kwamitin sulhu na ECOWAS ya zauna a Banjul ya kafa rundunar ECOMOG, kuma ranar 24 ga watan dakaru wajen 3,000 daga Najeriya, Gana, Gini, Saliyo da Gambiya suka sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya ƙarƙashin Laftanar Janar Arnold Quainoo, ɗan Gana.

Matsala ta farko tana cikin sunan rundunar kansa. An kira ta rundunar sa ido kan tsagaita wuta, alhali babu wata tsagaita wuta da za a sa wa ido. Taylor ya faɗa tun kafin su taso cewa zai ɗauke su a matsayin 'yan mamaya, kuma da harsashi ya tare su. Dalilinsa a fili yake: shi ne ke dab da cin yaƙin, kuma kowa ya san Janar Babangida, shugaban Najeriya a lokacin, abokin Doe ne. Wanda ke kan nasara ba ya ganin mai rabon faɗa a matsayin ɗan ba-ruwanmu, domin rabon ma kansa ƙwace masa nasara ne. Ƙasashen yankin su ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Mali da Togo suna cikin kwamitin amma ba su ba da soja ba a lokacin, Burkina Faso da Kwaddibuwa kuwa ta ƙasarsu makaman Taylor ke bi. Wato ƙungiya ɗaya, wasu 'ya'yanta na tura soja, wasu na ciyar da wanda ke harbin sojan.

Sai ranar 9 ga Satumba. Doe ya fito daga fada ya je hedikwatar ECOMOG a tashar ruwa. Aka karɓe makaman masu tsaronsa a ƙofa. Jim kaɗan Prince Johnson ya iso da mutanensa ɗauke da makamai, suka buɗe wuta, suka kashe masu tsaron da dama, suka tafi da Doe, suka azabtar da shi har ya mutu. A cikin harabar masu kiyaye zaman lafiya aka yi wannan, kwana goma sha shida da saukarsu. Mutane sukan ɗora laifin kan Quainoo shi kaɗai, ni kuwa ina ganin an yi masa nauyi fiye da rabonsa. An tura shi da takardar raba faɗa zuwa filin yaƙi, da rundunonin ƙasa biyar da kowacce ke jiran magana daga babban birninta kafin ta motsa, wasu na Turanci wasu na Faransanci, na'urorin sadarwarsu ma ba iri ɗaya ba. Sojan da ke bakin ƙofa dole ya san amsar tambaya ɗaya tun kafin a zo: in wani ya ƙi ajiye bindiga, in harbe shi ko in bar shi? Ranar nan babu wanda ya ba shi amsar.

Bayan haka Najeriya ta karɓi jagoranci, Manjo Janar Joshua Dogonyaro ya zo da umarnin faɗa. Cikin 'yan makonni ya kori mayaƙan Taylor daga Monrobiya, aka yi yarjejeniyar tsagaita wuta a Bamako a Nuwamba, aka zaunar da gwamnatin riƙo ta Amos Sawyer. Dole a faɗi gaskiya a nan: dubban ɗaruruwan mutanen da suka taru a birnin sun rayu ne saboda wannan zobe da ECOMOG ta yi musu, ta nan abinci da magani suka riƙa shiga. Duk mai cewa tafiyar banza ce bai yi wa waɗannan mutane adalci ba.

Amma rundunar da ta isa ta riƙe birni ba ta isa ta riƙe ƙasa ba. Akwai ma'aunin da masana harkar soja ke amfani da shi, wanda James Quinlivan ya fitar a 1995 daga nazarin yaƙe-yaƙen baya: don kwantar da ƙasar da ke cikin tawaye ana bukatar jami'an tsaro wajen 20 ga kowane mutum 1,000. Ko a ce mutanen Laberiya miliyan 2 ne kawai a lokacin, lissafin ya ba da 40,000. An je da 3,000, daga baya aka haura 10,000. Saboda haka Taylor ya koma Gbarnga ya kafa tasa gwamnatin, yana sayar da katako da tama da roba ta tashar Buchanan yana sayen makamai. A Oktoba 1992 ya sake afka wa Monrobiya da duk ƙarfinsa. Da ECOMOG ta ga ba ta da mutanen da za ta bi shi daji, sai ta jingina da ƙungiyoyin da ke gāba da shi, irin su ULIMO. Nan ne ɓarnar da ta fi daɗewa ta faru. Ƙungiyoyi suka yi ta haihuwa, ULIMO kanta ta rabe biyu a 1994, kowane madugu ya gane cewa kujera a teburin sulhu da bindiga ake samunta. Aka sa hannu kan yarjejeniya fiye da goma: Kwatano a 1993, Akosombo a Satumba 1994, nan Ankara ta Gana a Disamba na shekarar, Abuja a 1995. A Afrilu 1996 aka sake ƙona Monrobiya. A Yuli 1997 aka yi zaɓe, Taylor ya ci da kashi 75 cikin ɗari, da yawa sun zaɓe shi ne don tsoron kada ya koma daji. Shekara bakwai ana zubar da jini, mulki ya faɗa hannun wanda aka je tarewa.

Zancen kuɗi shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke cinye rundunar daga ciki. A ɗauki bataliya ɗaya mai mutum 850. Majalisar Ɗinkin Duniya tana mayar wa ƙasar da ta ba da soja dala 1,448 kan kowane mutum a wata, bisa farashin da ta tsayar tun Yuli 2022. Wannan ya haura dala miliyan 1.2 a wata kan bataliya guda, ba a sa man fetur ba, ba a sa motocin sulke da gyaransu ba, ba a sa jirgin ɗaukar masu rauni ba. In aka ware wa kowane soja lita 20 na ruwa don sha da girki da wanka, lita 17,000 ke nan kullum, a ƙasar da aka fasa famfunanta. Kuma bataliya ɗaya a waje tana nufin uku a gida: ɗaya na can, ɗaya na horo a Bundase tana shirin karɓarta, ɗaya ta dawo tana hutawa. Sojan Gana gaba ɗaya bai kai 20,000 ba, sama da 2,000 suna aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a wurare irin su Labanan da Sudan ta Kudu da Abyei, ga iyakar arewa da Burkina Faso, ga Bawku.

In tafiyar ta ECOWAS ce, babu wannan dala 1,448. Yarjejeniyar Lome ta 1999 ta ce ana iya neman ƙasar da ta ba da soja ta ɗauki nauyinsa wata uku na farko, daga baya a biya ta. Asusun ƙungiyar kuwa ya dogara ne da harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari kan kayan da ake shigowa da su daga wajen yankin, kuma ba kowace ƙasa ke miƙa shi kan lokaci ba. Najeriya ta ce ta kashe wajen dala biliyan 8 a Laberiya da Saliyo. Duk da haka sojoji sukan yi watanni ba alawus. Sojan da ke riƙe da bindiga a shingen hanya, aljihunsa wayam, iyalinsa na jira a gida, an san inda abin ke ƙarewa. Mutanen Monrobiya har sun juya harufan ECOMOG zuwa wata magana mai nufin duk mota da duk abin da ke ɗaukuwa ya tafi. Sunan da aka ɓata a shinge ba ya gyaruwa da jawabin kwamanda. Senigal ta shigo a 1991 da kuɗin Amurka, aka kashe mata soja shida a Vahun a 1992, farkon 1993 ta janye. Ƙasar da ta zo da aljihun wani, ranar da gawa ta fara komawa gida ba ta da abin da za ta gaya wa jama'arta.

Wanda ya tsaya a nan zai ce to a zauna gida. Ruwanda ce ke hana ni yarda da haka. A Afrilu 1994, da aka fara kisan ƙare dangi, akwai sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya wajen 2,500 a ƙasar ƙarƙashin Janar Roméo Dallaire na Kanada, mataimakinsa Birgediya Henry Kwami Anyidoho na Gana. Ranar 7 ga wata aka kashe sojojin Beljiyam goma, Beljiyam ta janye. Ranar 11 ga wata sojojinta suka bar wata makarantar koyon sana'a a Kigali inda mutum wajen 2,000 suka fake, mafi yawansu aka kashe su a ranar. Muddin sojojin na ƙofa, 'yan bangar da ke kisan ba su shiga ba. Ranar 21 ga wata Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya rage rundunar zuwa 270. Anyidoho ya gaya wa Ankara cewa bai kamata su tafi ba, gwamnatin Rawlings ta amince, sojan Gana sama da 400 suka zauna, ba isassun harsasai, ba isasshen ruwa. Su ne suka tsare filin wasa na Amahoro da sauran wuraren da dubban mutane suka ɓuya, wasunsu kuma a can suka rasu. Dallaire ya ce da an ba shi soja 5,000 masu kayan aiki da izinin amfani da ƙarfi da an daƙile kisan. A Mayu aka amince da 5,500 a takarda, aka tsaya cinikin hayar motocin sulke 50 da Amurka, kafin su iso an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari. Kofi Annan, ɗan Kumasi, shi ke shugabantar sashen kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, kuma daga baya ya amsa da bakinsa cewa ya kamata ya yi fiye da abin da ya yi.

Abin lura a Kigali shi ne girman aikin. Ba a nemi sojan Gana ya ci wani da yaƙi ko ya naɗa shugaba ba. Katanga ce da ƙofa da mutane a ciki. Aiki irin wannan ƙaramar runduna na iya yin sa, kuma ana iya auna shi da yawan waɗanda suka fito da rai. Da zarar aikin ya zama gyara ƙasa gaba ɗaya, lissafin 20 cikin 1,000 ya dawo. Libiya ta nuna ƙarshen hanyar: ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1973 a Maris 2011 ya ce a kare farar hula, jiragen NATO suka ci gaba har Gaddafi ya mutu a Oktoba, ba wanda ya tsaya ya tsare rumbunan makamai, shekara na zagayowa arewacin Mali ta faɗi.

Akwai kuma tambayar wa ke ba sojanka umarni. Nkrumah ya tura dakaru Kwango a Yuli 1960 don ya tallafi firaministan ƙasar Lumumba, amma a ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. A Satumba, bisa umarnin Majalisar, sojan Gana ne ya tare Lumumba daga shiga gidan rediyo. A Afrilu 1961 aka kashe mana soja sama da 40 a Port Francqui. Duk shugaban da zai ba da bataliya ya karanta takardar umarni layi-layi kafin jirgi ya tashi, domin bayan nan ba shi ke riƙe da linzami ba.

Masu goyon bayan shiga suna son kawo Gambiya, kuma lallai ta yi kyau: a Janairu 2017 dakarun yankin suka shiga, Gana ta ba da 205, Yahya Jammeh, da ya ƙi sauka bayan ya sha kaye a zaɓe, ya fice ranar 21 ga wata ba tare da yaƙi ba. Sai dai a duba sharuɗɗan. Mutum wajen miliyan 2, Senigal ta kewaye ƙasar, Adama Barrow da ya ci zaɓe shi ya yi gayyatar, hafsan sojan ƙasar ya ce ba zai yi faɗa ba. Da aka so maimaita wannan a Nijar bayan juyin mulkin 2023 ko ɗaya daga sharuɗɗan babu. Hafsoshin ECOWAS sun zauna nan Burma Camp ranakun 17 da 18 ga Agusta, kwamishina Abdel-Fatau Musah ya ce an sa ranar shiga. Ƙasa ce da ta ninka Gana fiye da sau biyar a faɗi, sojanta ya bi masu juyin mulki, Mali da Burkina Faso sun ce harin kanta hari ne kansu, majalisar dattawan Najeriya ta ƙi. Mutanen zango ba su bukaci a yi musu bayani ba: motocin albasa sun maƙale a iyaka, farashi ya tashi a Adjen Kotoku, kuma wanda za a harba a Maraɗi ko Tawa kawun wani ne a Sabon Zango. Cikin waɗanda suka samu ganin Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, a makonnin nan akwai Sarki Sanusi da ayarin malamai na Sheikh Bala Lau. Ranar da aka tsayar ba ta zo ba, ƙasashen uku kuma suka fice daga ƙungiyar a Janairu 2025. Barazanar da ba a shirya cikawa ba ta fi shiru tsada.

Malamanmu kan kawo aya ta 9 a Suratul Hujurat a irin wannan zance, kuma jerin da ke cikinta abin dubawa ne: sulhu tukuna, sannan yaƙar wanda ya yi zalunci, da iyaka a kai, wato har ya dawo kan hanya, sannan a koma sulhu da adalci. Dokar duniya ma ta tanadi ƙofa. Sashe na 4(h) na kundin Tarayyar Afirka ya ba ta ikon shiga ƙasa in ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi, sashe na 53 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya ce ƙungiyar yanki ta nemi izinin Kwamitin Sulhu kafin amfani da ƙarfi. ECOMOG ba ta jira ba, sai a Nuwamba 1992 aka sa mata albarka. A gida, kundin tsarin mulki na 1992 ya sa shugaban ƙasa babban kwamanda, amma kasafin kuɗi a hannun majalisa yake, kuma ta nan ɗan majalisar Ayawaso ko Asawase zai iya tilasta a faɗi adadin soja, tsawon wa'adi da mai biya.

A koma Sudan da wannan ma'auni. Mutum kusan miliyan 50, lissafin Quinlivan ya ba da soja miliyan ɗaya. Babu wannan runduna, ba za a same ta ba. Ɓangarorin biyu da ke yaƙi tun 15 ga Afrilu 2023 suna da manyan bindigogi da jirage marasa matuƙi da masu ɗaure musu gindi a waje. An taɓa gwada Darfur: rundunar haɗin gwiwa ta 2007 an amince mata da soja kusan 20,000, kwamandanta na farko Janar Martin Luther Agwai ya nemi jirage masu saukar ungulu 24, aka yi shekaru ba a ba da ba, a yankin da ya kai girman Faransa. Abin da za a iya yi ƙarami ne, kuma ya cancanci a yi gardama a kansa: tsare hanyar agaji daga Adre a iyakar Cadi, tsare sansanoni ƙalilan da aka zaɓa, da izinin harbi a rubuce, da kuɗin shekara a hannu, tare da matsa wa masu turo makamai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Laberiya ta samu lafiya ne a zagaye na biyu, da aka bi abubuwa bisa jeri. Tattaunawa ta fara a Gana a Yuni 2003 ƙarƙashin Janar Abdulsalami Abubakar, matan Laberiya su Leymah Gbowee suka zauna a ƙofar zauren suka hana wakilai fita, sojan Najeriya ya sauka farkon Agusta, Taylor ya tafi Kalaba ranar 11, aka sa hannu a Ankara ranar 18, sannan a Oktoba Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓa da izinin soja 15,000 da kasafin da ba ya yankewa. Ta zauna har Maris 2018. Kafin a kai nan an rasa rai wajen 250,000.

Abu na ƙarshe da ya kamata a tsara tun kafin shugaba ya yi sanarwa shi ne mutanenmu da ke can da nasu da za su zo nan. A 1990, da jin cewa ECOMOG na tafe, mayaƙan Taylor suka bi 'yan Gana da Najeriya da Gini da ke zaune a yankinsu, masunta da 'yan kasuwa da malaman makaranta, suka tsare wasu suka kashe wasu. A Mayu 1996 jirgin ruwan Bulk Challenge ya yi kwanaki yana yawo a teku da dubban 'yan gudun hijira, tashoshi na korar sa, kafin a bar shi ya tsaya a Takoradi. Sansanin Buduburam da ke kan hanyar Kasuwa zuwa Winneba an buɗe shi a 1990 a matsayin masauki na ɗan lokaci. An soke matsayin gudun hijira na 'yan Laberiya a 2012, amma da motocin rusau suka shiga a farkon 2024 akwai iyalai a ciki, har da jikokin waɗanda suka fara sauka.